Me Ke Sa Manhajar Tsara Littafi Yin Nauyi Idan Shafuka Sun Yi Yawa?

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana tsara littafin da za a kai maɗaba'a ya san wannan hali. A shafuka talatin ko arba'in na farko aiki na tafiya sumul: ka taɓa harafi ya fito nan take, ka ja hoto ya biyo hannunka. Da an haura shafi ɗari biyu sai lamari ya sauya. Ka buga kalma, ka ɗaga kai, ba ta fito ba tukuna. Ka nemi shafi na 180, allo ya yi fari fat kafin rubutu ya bayyana. Ka danna a ajiye aiki, kwamfuta ta daskare, gabanka na faɗuwa kada a ɗauke wuta kafin ta gama.

A shagunan ɗab'i bayani biyu aka fi bayarwa. Ko a ce bairos ne ya shiga, a goge komai a sake zuba Windows, ko a ce kwamfutar ta tsufa, oga ya ci bashi ya sayo wata. Sau da yawa bayan an yi hakan ana samun sauƙi kaɗan, sai a buɗe wancan littafin dai, nauyin ya dawo kusan yadda yake. Dalili kuwa shi ne mafi yawan nauyin yana cikin yadda aka gina fayil ɗin. Wannan asarar kuɗi tana damuna, domin masu wannan sana'a ba riba mai yawa suke samu ba, kuma akasarin maganin matsalar kyauta ne.

Manhajojin nan, tun daga asalinsu, ba don manyan littattafai aka fara yin su ba. A 1985 kamfanin Aldus na Paul Brainerd, mutumin da ya fito daga harkar jarida, ya fitar da PageMaker a birnin Siyatil na Amurka, shekarar da Apple ya fitar da firintar LaserWriter mai aiki da PostScript, harshen bayyana wa firinta siffar shafi, na kamfanin Adobe. Abin da PageMaker ya kwaikwaya shi ne teburin mai tsara jarida: ga shafi a gabanka, ka manna rubutu nan, ka manna hoto can, kana ganin sakamakon kowane motsi a lokacin da ka yi shi. QuarkXPress da ya zo a 1987, da InDesign da Adobe ya fitar a 1999 don ya gaji PageMaker, da Scribus na kyauta, da Affinity Publisher na 2019, duk a kan wannan alkawari suke, wato abin da ka gani a allo shi ne zai fito a takarda. Alkawari ne mai tsada. Don ta cika shi, dole manhaja ta riƙa sake lissafin shafi duk sanda ka taɓa wani abu, kuma ta gama lissafin kafin ƙiftawar ido. A ƙasidar shafi takwas ba a jin komai. A littafin shafi ɗari huɗu lissafin ya fi ƙarfin ƙiftawar ido.

Akwai wata hanya dabam da Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya bi da tsarinsa na TeX tun 1978: ka rubuta komai tukuna, sannan ka ba da umarni a tsara littafin gaba ɗaya a zama guda. Shi ya sa masu lissafi da kimiyya ke tsara kundi mai shafi dubu da shi ba tare da rubutu ya tsaya musu a hannu ba. Amma ba a ganin shafin yayin da ake rubutu, kuma ba da wannan hanyar shagunanmu ke aiki ba.

Harafi ɗaya, littafi ya motsa

A manhajar tsara shafi, rubutu yana zama ne cikin akwatuna, kuma akwatunan a sarƙe suke da juna: abin da ya cika akwatin shafi na 1 ya malala zuwa na 2, na 2 zuwa na 3, har ƙarshe. Idan mai aiki ya zuba littafin gaba ɗaya a sarƙa guda, daga gabatarwa har shafin ƙarshe, to ya ɗaure makomar kowane shafi da duk shafukan da suka gabace shi.

Kamar sahun salla ne. Idan mutum ya zo ya kutsa a farkon sahu, na kusa da shi zai matsa, shi ma ya matsa wa na gaba, har motsin ya kai ga na bakin bango. Idan kuwa akwai giɓi a tsakiyar sahun, motsin zai mutu a wurin giɓin, na can ƙarshe ba zai ma san wani ya shigo ba.

Haka abin yake idan ka ƙara kalma a shafi na 12. Manhaja za ta sake karya layukan wannan sakin layi. Idan adadin layukan bai canza ba, magana ta ƙare a nan. Idan kuwa ya ƙaru da layi ɗaya, layin ƙarshe na shafin zai faɗa shafi na 13, shi ma ya tura nasa, kuma a kowane shafi sai an sake duba dokokin da aka sa: kada kan magana ya zauna shi kaɗai a gindin shafi, kada layi ɗaya tal na sakin layi ya tsallaka. Giɓin da ke kashe wannan motsi shi ne umarnin fara sabon babi a sabon shafi, domin filin da ya rage a ƙarshen babin da ya gabata yana shanye ƙarin layin. To amma nawa ne cikin masu aiki ke sa wannan umarni? Da yawa maɓallin Enter suke dannawa sau goma sha biyar har kan babin ya gangara shafi na gaba. A wurin manhaja waɗannan ba giɓi ba ne, layuka ne kamar kowane layi, don haka motsi ya ratsa su ya wuce, kuma kan kowane babi na gaba ya goce daga mazauninsa, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Karya layin kansa ma ba ƙaramin aiki ba ne. InDesign, idan ba ka sauya masa ba, ba ya cika layi ɗaya ya wuce na gaba. Yana duban sakin layin dukansa ne, ya auna hanyoyi da yawa na karya shi, ya zaɓi wadda tazarar kalmomi ta fi daidaita. Tunanin ya yi kama da dabarar da Knuth da Michael Plass suka wallafa a 1981. Shi ya sa rubutun InDesign ke fita da kyau a ido, kuma shi ya sa dogon sakin layi ke da nauyi. Marubutanmu kuwa, musamman a littattafan addini da na tarihi, sukan yi sakin layi ɗaya ya ci shafi biyu. Kowane harafi ka taɓa a cikinsa, shafi biyun ake sake aunawa.

Ga wani lissafi na misali da zai nuna dalilin da nauyin ke zuwa kamar farat ɗaya. A ce littafi shafi 100 ne, kana da gyara ɗaya a kowane shafi, kuma kowane gyara yana motsa duk abin da ke bayansa. A matsakaici kowane gyara zai motsa shafi 50, jimilla 5,000. Yanzu a ce littafin shafi 400 ne: gyara 400, kowanne yana motsa shafi 200, jimilla 80,000. Shafuka sun ninka sau 4, aiki ya ninka sau 16. Ba kowane gyara ne ke kai wa ƙarshe ba, amma yanayin hauhawar ke nan.

Nan ne kuma sabuwar kwamfuta ke ba mutane kunya. Mai sayarwa zai ce maka furosesar, wato sashen da ke yi wa kwamfuta lissafi, tana da ƙwaƙwalwa takwas masu aiki tare. Gaskiya ne, amma ba za a iya tsara shafi na 200 ba sai an san inda na 199 ya tsaya. Aiki ne na bi-da-bi, ƙwaƙwalwa ɗaya ce ke jan yawancinsa, sauran na zaune. Gene Amdahl ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1967: idan rabin aiki ba ya rabuwa, ko ƙwaƙwalwa dubu ka tara, saurin ba zai wuce ninki biyu ba.

Sannan akwai abubuwan da ke hawa kan sarƙar su ƙara mata nauyi. Hashiyar ƙasan shafi ita ce kan gaba a cikinsu. Idan lambar hashiya ta faɗo a layin da ke kusa da gindin shafi, dole a ware wa hashiyar wuri. Ware wurin yana iya tura layin zuwa shafi na gaba. Idan layin ya tafi hashiyar ta bi shi, wurin ya sake buɗewa. Manhaja sai ta gwada ta sake gwadawa kafin ta tsai da shawara. Kundin digiri ko littafin fiƙihu mai hashiya ɗari biyar yana da irin wannan kai-komo a shafuka da dama. Haka hotunan da aka ɗaure da rubutu don su riƙa tafiya tare da shi, da rubutun da aka ce ya zagaye siffar hoto, da teburi guda da ya ratsa shafi ashirin, da nuni irin na "duba shafi kaza" wanda lambarsa ke sauyawa da kanta. Littafin da ya haɗa boko da Larabci, ayoyi da hadisai a cikin layi ɗaya da fassararsu, shi ma yana da nasa ƙarin: Larabci daga dama yake tafiya, kowane harafi siffarsa ta dogara da maƙwabtansa, ga wasulla da za a ɗora kowanne a gurbinsa.

Akwai wani nauyi da ya shafi masu rubutun Hausa musamman, kuma ba a cika lura da shi ba. Manhajojin nan suna zuwa da mai duba kuskuren rubutu, kuma yawanci a kan ƙamus na Ingilishi yake. Idan an kunna shi ya riƙa dubawa yayin da ake aiki, kusan kowace kalmar Hausa kuskure ce a wurinsa, sai ya bi littafi mai kalma dubu ɗari yana ja wa kowace jan layi. Microsoft Word har saƙo yakan fitar cewa kurakuran sun yi masa yawa, ya daina nunawa. Aikin banza ne tsantsa. Ga kuma ɓarnar da ke tare da shi: idan an bar tsinka kalma a ƙarshen layi a kunne, da dokar Ingilishi za a tsinka kalmar Hausa, a raba ta inda Bahaushe ba zai taɓa rabawa ba. A InDesign ana iya gaya wa salon sakin layi cewa rubutun ba na kowane harshe ba ne cikin jerin da yake da su, a kashe duban kuskuren, a kashe tsinkawar. Minti ɗaya ya isa.

Haka ma mai binciken da InDesign ya shigo da shi a sigarsa ta CS4 a 2008, wanda ke bin shafuka a bayan fage yana neman hoton da ya ɓace ko rubutun da ya fi ƙarfin akwatinsa. Yana da amfani ƙwarai ranar da za a fitar da aiki. A sauran ranaku a kashe shi, tare da ƙananan hotunan shafuka da ke jere a gefen allo, waɗanda su ma sai an sake zana su duk sanda shafi ya motsa.

Kuma ya kamata a faɗa wa marubuci gaskiya tun ranar da ya kawo aiki: "Malam, a gama gyara a Word tukuna, a ba wanda zai duba ya duba, sannan a kawo mu tsara." Manhajar tsara shafi ba wurin rubuta littafi ba ce. Gyaran da ya biyo bayan tsari a tattara shi a takarda, a shigar da shi babi-babi a zama ɗaya.

Hotuna

Girman da kake gani a jikin fayil ɗin hoto yana yaudara. Hoton waya mai ɗigo 4,000 a faɗi da 3,000 a tsawo yana iya zama megabait 3 ko 4 a matsayin JPEG, domin a matse yake. Amma kafin a nuna shi ko a sarrafa shi sai an warware shi: ɗigo miliyan 12, kowanne bait 3, wato megabait 36. Hoton da ya cika shafin A4 a ma'aunin ɗab'i na ɗigo 300 a kowane inci yana da ɗigo 2,480 sau 3,508, kusan miliyan 8.7, a launuka huɗu na maɗaba'a ya kai kimanin megabait 35. Guda 100 irinsa gigabait 3.5 ke nan. Ka tuna littafin tunawa da bikin yaye ɗalibai, ko mujallar ƙungiya mai hoton kowane mamba.

Abin takaicin shi ne mafi yawan wannan nauyin ba ya zuwa takarda. Hoton fuskar mutum da zai fito a faɗin santimita 5 ɗigo 590 kawai yake buƙata a faɗi. Idan ka sa hoton wayar nan mai ɗigo 4,000 ka ja kusurwarsa har ya ƙanƙance, a ido ya zama ƙarami, amma duk ɗigo miliyan 12 ɗin suna nan. Rage hotuna zuwa girman da za su fito kafin a shigar da su yana daga cikin ayyuka mafi riba a wannan sana'a, kuma akwai manhajojin da ke rage ɗaruruwa a lokaci guda.

Sai batun yadda hoton ya shiga fayil. Hanya biyu ce. Ko a cusa hoton kansa a ciki, ko a bar shi a babban fayil na hotuna, manhaja ta riƙe adireshinsa da wani ɗan kwafi mara nauyi na nunawa a allo, sai ranar fitar da PDF ta je ta ɗauko na ainihi. InDesign da Scribus hanya ta biyu suke bi idan ka shigar da hoto ta ƙofar da aka tanada. Idan kuwa ka kwafo shi daga Word ko daga wani wuri ka manna, to ka cusa shi. Kuma ko da a hanya ta biyu ne, InDesign yana da matakai uku na nuna hoto a allo. Wanda ya bar shi a mataki mafi inganci ya tilasta masa karanta hotunan ainihi a duk shafin da ya buɗe. Matakin tsakiya ya wadatar wa aikin yau da kullum, kuma ba ya rage komai daga ingancin abin da za a buga.

Dole a yi maganar CorelDRAW a nan, domin a Kano da Kaduna da Zariya da sauran garuruwanmu shi ne manhajar da kusan kowane yaron shago ya fara koya, kuma da shi ake yin komai, daga katin biki har littafi. Manhaja ce mai kyau, tun 1989 take, kuma a zanen bango, fosta, kalanda da tambari ba ni da abin cewa a kanta. Amma manhajar zane ce da aka ƙara wa shafuka. Idan ka shigar da hoto, cusa shi take yi sai fa in ka zaɓi akasin haka, don haka fayil ɗin littafi yakan kumbura ya kai ɗaruruwan megabait, kuma duk ajiyewa sai an sake rubuta shi dukansa. Har yanzu kuma ana samun shagunan da ke kan sigarsa ta X3 ta 2006. Shi da PageMaker 7 na 2001 da InDesign CS6 duk tsarin bit 32 ne, wanda ba ya iya amfani da fiye da gigabait 4 na RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da ke buɗe a cikinta), a wasu yanayin ma 2 kawai. CorelDRAW bai samu tsarin bit 64 ba sai a X6 a 2012, InDesign kuwa sai 2013. Wanda ya sa RAM gigabait 16 a kwamfutarsa yana aiki da X3, mafi yawan kuɗinsa na kwance ba ya aiki.

Akwai kuma al'adar mayar da rubutu zane kafin a kai wa mai faranti, wato mai fitar da farantin da injin ɗab'i ke bugawa da shi. Na san dalilinta, kuma dalili ne na gaske: an sha kai aiki wata kwamfutar da ba ta da irin zubin harafin (font) da aka yi amfani da shi, sai ƙ da ɗ da ɓ su koma akwatuna ko wasu alamomi, musamman a tsofaffin zubin Hausa da aka yi kafin Unicode, tsarin bai ɗaya na haruffan harsunan duniya, ya yaɗu, waɗanda suka ɗora haruffa masu lanƙwasa a gurbin wasu alamomi. Amma ka duba farashin. Muddin rubutu yana matsayin rubutu, siffar harafin "a" sau ɗaya ake ajiye ta, a riƙa kiran ta duk inda ake buƙata. Da an mayar da shi zane, kowane "a" ya zama siffa mai zaman kanta da gaɓoɓinta. Shafi mai harafi 2,000 sau shafi 300, siffofi 600,000 ke nan. A fosta mai layi biyar wannan ba komai ba ne. A littafi kuwa fayil ne da zai wahalar da duk kwamfutar da ta buɗe shi, kuma ba a iya gyara ko wasali ɗaya a cikinsa. An daɗe da magance wannan: PDF yana ɗauke da zubin harafin a cikinsa, kuma ƙa'idar PDF/X-1a, wadda ta zama ma'aunin duniya a 2001, ba ta ma yarda a fitar da fayil ba tare da shi ba. Abin da ya rage shi ne masu tsarawa da masu faranti su amince da juna a kan haka.

Inuwar da ake sa wa hoto da launi mai shara-shara su ma suna da tsada, domin sai an lissafa haɗuwar launin sama da na ƙasa ɗigo bayan ɗigo. Idan aka sa irin wannan ado a uwar shafi, wadda kowane shafi ke gado daga gare ta, an ninka lissafin sau adadin shafukan littafin.

Wani abu kuma da ke faruwa a ɓoye: fayil ɗin InDesign yana tara datti. Idan ka danna Save, don ya yi sauri, yakan ƙara sabon canji ne a kan abin da ke nan ba tare da ya share tsohon sarai ba. Bayan makonni ana aiki, fayil ya yi ƙiba da abin da aka riga aka goge. Save As yana sake rubuta shi daga tushe, kuma sau da yawa za ka ga girman ya ragu sosai. Idan fayil ya fara wasu halaye marasa kan gado, fitar da shi a tsarin IDML, wani nau'in fayil na musaya da InDesign ke da shi, a sake buɗewa yana wanke shi fiye da haka. Wanda kuma ke ɗaukar fayil ɗin littafin bara ya goge rubutun ya zuba na bana, shekara bayan shekara, yana jan kayan duk shekarun nan a bayansa, har da tarin salon rubutu da kowane fayil na Word ya shigo da su.

A raba shi

Maganin da ya fi kowanne ƙarfi shi ne kada littafi ya zama fayil ɗaya. Kowane babi da nasa fayil, ko a haɗa ƙananan babuka biyu ko uku. InDesign yana da tsarin da ake kira Book don wannan: yana riƙe jerin fayilolin, ya ci gaba da lambar shafi daga wannan zuwa wancan, ya daidaita salon rubutu daga fayil ɗaya da ka zaɓa a matsayin jagora, ya haɗa ƙunshiya da fihirisa, ya fitar da PDF guda. PageMaker ma yana da irinsa. A Scribus, wanda masu amfani da shi suka daɗe da sanin yana nauyi idan sarƙar rubutu ta yi tsawo, ana sa wa kowane fayil lambar shafin da zai fara da ita da hannu, a haɗa PDF ɗin daga baya. Idan aka raba littafin shafi 400 gida 16, kowane gyara shafi 25 ne iyakar abin da zai iya motsawa, kuma idan fayil ɗaya ya lalace saboda ɗaukewar wuta, babi ɗaya ne ke cikin haɗari.

Rabawar tana da nata wahalar, ba zan ɓoye ba. Neman kalma a sauya ta a duk littafin yana buƙatar a buɗe fayilolin duka. Nunin "duba shafi kaza" da ya tsallaka daga wannan fayil zuwa wancan yana iya jawo nasa nauyin a InDesign, domin sai ya leƙa ɗaya fayil ɗin ya tabbatar da lambar. Gara a bar irin wannan nuni sai dab da ƙarshe. Kuma littafin labari mai shafi 150, rubutu zalla ba hoto ba hashiya, bai buƙatar a raba shi. Ya isa a yanke sarƙar a ƙarshen kowane babi.

Kafin a taɓa komai, wurin da nauyin ke bayyana yana nuna tushensa. Idan lokacin buga rubutu ne haruffa ke makara, sarƙa ce da abin da ke kanta. Idan lokacin juya shafi ne ko matso da shi kusa, hotuna ne da ado. Idan lokacin buɗewa da ajiyewa ne, girman fayil ne da wurin da yake zaune. Gwaji mai sauƙi: yi kwafin fayil ɗin, goge rabin shafukan a kwafin, ka gani. Idan nauyin ya tafi, yana cikin rabin da ka goge. Ka ci gaba da rabawa har ka kama shafin. Wani lokaci teburi ɗaya ne, ko taswira guda mai dubban layuka.

Ita kwamfutar ma tana da nata kason, sai dai ba inda aka fi zato ba. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, shago ba iska, ƙurar hunturun da ya wuce ta toshe fankar cikin kwamfuta. Furosesa idan ta yi zafi da yawa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Buɗe ta a hure ƙurar, a sabunta man da ke tsakaninta da ƙarfen sanyaya, yana dawo da saurin da aka ɗauka tsufa ne ya cinye. Kwamfutar cinya kuma idan aka ɗauke wuta ta koma kan batir, Windows yakan rage mata ƙarfi don cajin ya daɗe. Sai masu aiki kai tsaye daga filash ɗin kwastoma, wanda ya fi komai jinkiri, ga haɗarin a zare shi ana tsakiyar ajiyewa. A kwafe aikin zuwa cikin kwamfuta tukuna.

Idan bayan duk wannan akwai kuɗin da za a kashe, faifan ajiya ne farko. Tsohon faifai mai juyawa, irin wanda ke cikin yawancin kwamfutocin hannu-na-biyu da ake shigowa da su, yana karanta kimanin megabait 100 a daƙiƙa, kuma duk sanda zai nemo wani fayil sai allurarsa ta yi tafiya. SSD, wato faifan da ba ya juyawa, ko na talaka ne yana kai wa 500, kuma ba shi da allurar da za ta yi tafiya, abin da ke da muhimmanci ga littafin da ke kiran ɗaruruwan hotuna daga wurare dabam-dabam. Na biyu RAM, domin da zarar ya cika, Windows yana fara juye abin da ke cikinsa zuwa faifai, kuma nan ne kwamfuta ke daskarewa gaba ɗaya. Ka buɗe Task Manager, tagar Windows da ke nuna abin da kwamfuta ke ci, lokacin da littafin ke buɗe: idan RAM ya kusa cika, ƙari zai yi amfani, muddin manhajar ta bit 64 ce, idan rabinsa ma bai cika ba, ƙarin ba zai canza komai ba. Gigabait 8 yana ɗaukar littafin rubutu zalla, 16 kuma ya wadatar wa mai hotuna da yawa idan an rage su kuma ba a cusa su ba. A kwamfutoci da dama na shekaru goman da suka wuce ana iya sauya waɗannan biyun ba tare da an sayi sabuwa ba.